Ko Makamancinsa

Wannan makon mu aka miƙa wa alƙalami, kuma abin da muka zo da shi ba soyayya ba ce, ba labarin aljanu ba. Labarin shafi ɗaya ne a cikin takardar kwangila, shafin da ya ci mana buhunan shinkafa, ya kuma kusa shiga tsakaninmu da babban yayanmu.

Mu uku ne 'yan ɗaki ɗaya daga Argungu: mu biyu da ke wannan rubutu, sai Yaya. Muna da ɗan shago a Birnin Kebbi inda muke buga wa ɗalibai takardu, mu yi fotokwafi, mu gyara firinta, wani lokaci mu sayar da sabuwa idan an yi oda. Wanda ya san Birnin Kebbi ya san garin ma'aikata ne. Tun da aka yanke jihar daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991 ofisoshi suke ƙaruwa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Ba wani mai sayen takarda da kujera da kwamfuta da ya kai gwamnati a garin. Saboda haka duk mai ƙaramin shago irin namu yana kwana da buri ɗaya, wato ranar da zai kai wa wani ofishi kaya a biya shi a dunƙule.

Ranar da muka ga tallar kwangila a jarida, Yaya bai iya cin abincin rana ba. Wani ofishin gwamnati ne, daga cikin waɗanda dokar tarayya ta hau kansu, yake neman injinan fotokwafi da firintoci, sannan a kashi na biyu kujeru da tebura. Aikinmu ne na kullum. Matsalar ita ce takardu: sabunta rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, wasiƙar banki, da sauran abin da ake haɗawa kafin a ma duba farashinka. Duk kuɗi ne. Muka hau mota muka tafi gida, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, muka zauna gaban Inna. Tana da shanshera buhu 12 daga noman rani na fadama, ta ajiye tana jiran farashi ya tashi. Ba ta yi dogon tambaya ba. Ta ce a kai kasuwa, Allah ya sa albarka.

Sai da muka karɓo kundin kwangilar muka isa shafin da ake siffanta kayan da ake so, jikinmu ya fara sanyi. Ba a rubuta sunan kamfani ko ɗaya ba, wannan gaskiya ne. Amma an rubuta faɗin injin da tsawonsa har da ɗigon milimita. An rubuta adadin takardar da aljihunsa zai ɗauka, wani adadi da ba cikakke ba, wanda mu masu gyara mun san inji ɗaya ne tak yake da shi. An faɗi girman ɗan allon da ake latsawa, an faɗi gefen da maɓallin kunnawa zai kasance. A ƙasa kuma aka ce dole mai neman aikin ya kawo wasiƙar izini daga kamfanin da ya ƙera injin, alhali dila ɗaya ne yake riƙe da irin wannan wasiƙa a duk yankinmu. A kashin kujeru aka rubuta cewa su zama ƙirar ƙasar waje. Mun tuna da wani kafinta maƙwabcinmu a Argungu wanda teburinsa ke shekara ashirin bai girgiza ba. Da layi ɗaya an sallame shi, shi ko labarin tallar bai ji ba.

Duk da haka muka shiga. Muka sa injin da muka sani, wanda ya fi wancan sauri, garin tawadarsa da ake ce wa tona yana nan a kasuwa, kayan gyaransa muna da su a aljihun tebur. Ranar buɗe akwati aka karanta farashin kowa a bainar jama'a kamar yadda doka ta ce, namu ya fi na kowa sauƙi. Yaya ya kira Inna a waya tun daga bakin ƙofa. Bayan 'yan makonni sakamako ya fito, an ce ba mu cika sharuɗɗa ba.

A nan ne muka fara karatun da ya kamata mu yi tun farko. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa wa hannu a watan Yuni 2007, ita ta kafa Hukumar Kula da Kwangiloli ta Ƙasa da ake kira BPP. Kafin ita akwai ofishin bin ƙa'ida na zamanin Obasanjo, wanda Oby Ezekwesili ta shugabanta. Dokar ta ce a yi gasa a fili, kuma a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ku lura da ƙarshen jimlar. Farashi ba ya magana sai an wuce shingen sharuɗɗa. Wanda ya rubuta shafin siffar kaya ya riga ya zaɓi waɗanda za a auna, tun kafin a kafa sikeli.

Dokar ta kuma ba da hanyar kuka. Sashe na 54 ya ce mai ƙorafi ya rubuta wa shugaban ofishin cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin da yake ƙorafi a kai. Shugaban yana da kwanakin aiki 15 ya yanke hukunci. In ba a gamsu ba, a kai wa BPP cikin kwanakin aiki 10, ita kuma tana da 21, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Mu kuwa me muka yi? Mun ga shafin tun ranar farko muka yi shiru, don kada a ce muna da baki a hana mu gaba. Da sakamako ya fito muka shiga neman wanda ya san wani a ciki. Kafin mu zauna mu rubuta takarda, lokaci ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuma sai da mota ta tashi muka je neman wuƙa.

Da muka ci gaba da bincike sai muka ga rigimar ba tamu ba ce mu kaɗai. A 1995 Kotun Tarayyar Turai ta kama ƙasar Holan da laifi saboda wata kwangila da aka rubuta sunan manhajar UNIX ba tare da an ƙara cewa ko makamanciyarta ba. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta tuhumi Italiya da Jamus, daga baya Faransa da Holan da Finlan da Suwidin, kan kwangilolin kwamfutocin ofis da aka ce dole ƙwaƙwalwarsu ta zama ta kamfanin Intel, abin da ya rufe ƙofa ga AMD. Wasu daga cikin takardun ba su tsaya ga suna ba, sun sa wani ma'aunin gudu ne da ya dace da ƙirar kamfani ɗaya, irin dai abin da aka yi mana da milimita. Ƙa'idojin Bankin Duniya ma sun ce a guji sunan kamfani, in kuma ba makawa sai an ambata, a biyo shi da kalmomi biyu: ko makamancinsa. Kalmomi biyun nan ne muka nema a shafinmu ba mu gani ba. Game da kujeru kuwa, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 3 na 2017, wanda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashi, ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da hukumomin tarayya ke kashewa kan wasu kayayyaki, ciki har da kujeru da tebura da kayan rubutu, ya tafi ga ƙirar gida. Kafintanmu yana da doka a bayansa, bai sani ba.

Da wannan zafin muka je gaida wani kawunmu a Argungu, tsohon ma'ajin sito da ya yi ritaya. Mun ɗauka zai taya mu zagi. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce:

"Ku zamna, ɗiyana. Mi kunka ɗauka? Kun ɗauka duk mai rubuta suna ɓarawo na? Ni da hannuna na sha rubuta sunan inji."

Muka ce, "Kawu, kai ma?"

Ya ce shekaru ya yi yana riƙe da makullin ɗakin da ake tara matattun injina. Akwai wanda aka saya don ya fi araha, ya yi wata uku tonarsa ta ƙare, aka nema har Kano babu. Akwai wanda ƙurar hunturu ta kashe a shekarar farko. Akwai wanda wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone shi, mai gyaransa kuma yana Legas. Duk ranar da inji ya tsaya, shi ake kira a tsare da tambaya, ɗan kwangila ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi. "To, da munka samu wanda ad da mai gyara nan kusa, shi nika rubutawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo."

Ya ƙara mana da wani abin da ba mu zata ba. Ya ce sau da yawa akawun da aka ba aikin rubuta siffar kaya bai san komai game da inji ba. An ce ya kawo takarda gobe da safe. Sai ya je wurin dilan da ya sani ya karɓi ɗan littafin talla, ya kwafe shi layi-layi, har da launin murfi. Bai karɓi ko sisi ba, amma ya rufe ƙofa kamar yadda mai karɓa zai rufe. Kawu bai musa cewa akwai masu yi da gangan ba, waɗanda suke auna mutum su ɗinka masa rigar kafin a yi shela. Abin da ya ce shi ne daga waje duk ukun kamarsu ɗaya, mai tsoro da marar sani da mai niyya, shafi iri ɗaya suke fitarwa.

A hanyar komawa muka tsaya bakin Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Mun tashi muna kallon wannan gasa ba mu taɓa tunanin ita ma tana da shafin sharuɗɗa ba. Tana da shi, kuma mai tsauri: homa da gora, a jira alama kafin a faɗa ruwa, a fito idan lokaci ya cika. Ba wanda ya taɓa cewa an zalunce shi da wannan, domin duk masunci yana iya mallakar homa, kuma sikeli ne ke raba gardama. Har a 2008 da aka zargi wanda aka fara bayyanawa da shigo da kifinsa daga wani wuri, an ƙwace kyautar. Da a ce sharaɗin shi ne gorarka ta zama mai tabo a wuya ta hagu, da kowa ya san gidan da giwan ruwa zai kwana. Tsaurin sharaɗi ba shi ne laifi ba. Abin tambaya shi ne ko sharaɗin ya fito daga aikin da za a yi, ko daga fuskar wanda ake so ya ci. Damuwar Kawu gaskiya ce, amma duk abin da yake tsoro ana iya rubuta shi ba tare da suna ba: a samu tona a Birnin Kebbi ko Sakkwato, mai gyara ya iso cikin kwana biyu, garanti na shekara kaza, injin ya jure zafi da ƙura da wutar da ke hawa da sauka.

Da labarin ya tsaya nan, da mun fito a matsayin waɗanda aka zalunta, ku taya mu jaje mu tashi. Bai tsaya ba. Bayan kamar shekara guda wani akawu daga wani ƙaramin ofishi ya shigo shagonmu da yamma, gumi ya jiƙa masa riga. An ce ya rubuta siffar firintoci da injin fotokwafi ɗaya, gobe ake so, shi kuma bai san ta inda zai fara ba. Ya ce tunda mu ne masu gyara, mu taimaka masa. Yaya ya ba shi kujera, ya aika a kawo masa ruwan sanyi, ya shiga ciki ya fito da littafin tallar injin da muke sayarwa. Ya ajiye a gaban kwamfuta ya ce mu buga.

Muka kalli juna. Ƙaramin cikinmu ya ce, "Yaya, wannan fa shi ne abin da aka yi mana."

Yaya ya ja mu bayan shago don kada baƙo ya ji. Ya ce ba mu roƙa ba, Allah ne ya kawo har ƙofa. Ya ce injin namu mai kyau ne, ofishin ba zai cutu ba, ba cin hanci za mu bayar ba, ba ƙarya za mu rubuta ba. Sannan ya faɗi abin da ya fi ciwo: "Shinkafar Inna fa? Ku za ku biya ta da tsarkinku?" Ba mu da amsar wannan a lokacin, kuma har yau ba mu da cikakkiya. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Mu ma hannunmu ya yi nauyi a kan littafin, kada ku ɗauka waliyyai ne ke ba ku labari. Laifi tudu ne, shekara guda muna hango na wani, ga mu tsaye a kan namu. Abin da ya tsayar da mu shi ne mun san akwai wani shago a Jega ko Yauri ko nan bayan kasuwa, da wasu 'yan uwa uku, da wata Inna mai shanshera, waɗanda za su buɗe shafin su ji sanyin da muka ji.

Muka dawo muka tambayi akawun abin da ba wanda ya tambaye shi. Shafi nawa kuke bugawa a wata? Mutum nawa ke amfani da injin? Kuna buga gaba da baya? Wuta awa nawa kuke samu, janareta ne ko sola? Ya amsa, muka rubuta. Mafi ƙarancin saurin da zai ishe su, ba adadin da ke jikin kwali ba. Girman takardar da suke aiki da ita. Kuɗin tona a kan kowane shafi dubu, domin inji mai araha da tona mai tsada bashi ne da ake biya kowane wata. Garanti, mai gyara a kusa, horas da ma'aikaci ɗaya. Wuri ɗaya ne muka ambaci suna, inda firintar za ta yi aiki da manhajar da ke kan kwamfutocinsu, nan ma muka bi shi da kalmomin nan biyu. Muka kuma ce masa ya gaya wa maigidansa cewa mu muka taya shi, domin in mun shiga gasar a san da haka. Da maigidan ya ji, ya ce tunda hannunmu ya taɓa takardar, gara mu tsaya a gefe. Ya yi daidai, ko da yake Yaya bai ga haka ba.

Shaguna da dama suka nema, wani daga wani gari ya samu. Yaya ya yi kusan wata biyu ba ya cin abinci tare da mu, magana sai ta aiki. Inna ce ta gaji ta tara mu. Ba ta ce wane ne mai gaskiya ba. Ta ce ita shinkafa ta sayar, ba 'ya'ya ba, kowa ya wanke hannu ya sa a kwano. Bashinta muna biya kaɗan-kaɗan daga kuɗin fotokwafi, saura buhu 4. Injin da wancan mutumin ya kawo kuwa, mu ake kira mu yi masa sabis, domin takardar ta ce mai gyara ya kasance a kusa. Yaya ne ma ke zuwa, yana dawowa yana cewa injin ba laifi, amma namu ya fi.

Dalilin kawo wannan zaure shi ne, mu masu son rubutu mukan ɗauka alƙalami yana aiki ne a littafi da waƙa kawai. Shafin siffar kaya ma rubutu ne, wani ne ya zauna ya zaɓi kalmominsa, kuma akwai gidajen da tukunyarsu ke jiran abin da ya zaɓa. Ana buga tallar kwangila da Turanci a jaridun da kafinta da mai gyaran firinta ba sa gani. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, a amsa masa cikin kwana 7, amma mutum nawa ne a unguwarku suka san da ita? Wanda ya iya Hausa mai daɗi a cikinmu zai iya ɗaukar talla ɗaya ya fassara ta, ya bayyana wa masu sana'ar garinsu abin da ake nema da ranar rufewa da kwanakin ƙorafi. Jihohi suna da nasu dokokin, sai kowa ya nemi ta jiharsa ya karanta kafin ya rubuta. In kun ci karo da shafin da aka auna inji da milimita, kada ku yi saurin kiran kowa ɓarawo, ku tuna da Kawu da ɗakinsa na matattun injina. Ku tambaya a rubuce, cikin ladabi, kuma cikin lokaci: wane aiki ne wannan sharaɗi yake karewa?

Mun karanta wa Yaya wannan rubutu kafin mu turo. Ya ce mu bar maganarsa yadda ya faɗe ta, kada mu gyara masa, kuma mu tambaye ku: da ku ne a bayan shagon nan ranar, littafin talla a kan tebur, bashin Inna a wuya, me za ku buga? Muna jiran amsarku, shi ma yana jira. Allah ya ba mu halal mai albarka.